Sama garau a Kaduna, amma an ce jirgi ba zai tashi ba saboda hadari: yanda ake raba hanya a sama in yanayi ya ɓaci

Duk shekara in damina ta kawo kai, ko hunturu ya shigo da hazonsa, hukumar NCAA mai sa ido kan harkar jiragen sama takan fitar da sanarwa tana jan kunnen matuƙa da kamfanoni su kula da yanayi, fasinjoji kuma su yi haƙuri dan za a riƙa samun jinkiri da soke tafiya. Yawancinmu sanarwar wucewa take ba mu ma san an yi ba, sai ranar da mutum ya baro gida tun hantsi, ya bi ta Mando ya isa filin jirgi, an auna kaya an ba shi katin shiga, sannan a ce masa jirgi ba zai zo kan lokaci ba saboda yanayi.

Kwanakin baya a ɗakin jira na filin jirgin Kaduna wani dattijo da carbinsa a hannu ya tashi ya je wajen ma'aikaciyar kamfani, ya nuna mata taga yace, "'Yata, wane hadari kuma? Ga rana nan tana dukan mutum, ko gajimare ɗaya babu." Tace masa, "Baba kayi haƙuri, ba nan bane, can Legas ne, jirgin ma bai taso ba tukunna." Ya dawo ya zauna yana girgiza kai, na kusa da shi kuma suka kama cewa ai ƙarya ce kawai, jirgin ne ya lalace ko fasinja basu cika ba. Tambayar dattijon nan ita ce tambayar mutane da yawa, kuma amsarta tana da ɗan tsawo.

Sama ma tituna gare ta

Wanda bai sani ba gani yake sama fili ce fetal, jirgi ya bi duk inda yaga dama. Ba haka abin yake ba. Akwai hanyoyi a zane, kowacce da sunanta da mahaɗarta, kuma jirgi baya tashi sai an shigar da takardar tafiyarsa, inda za a rubuta hanyar da zai bi, tsayin da zai hau, da filin da zai nufa in wanda ya dosa ya ƙi saukuwa. Sararin samaniyar Najeriya a taswirar duniya da sunan Kano aka san shi, kuma cibiyoyi biyu ne suka raba aikinsa, ta Kano tana riƙe da arewa ta Legas tana riƙe da kudu. Hukumar NAMA, wadda aka kafa da dokar 1999, ita ke da wannan aikin, NiMet ke ba da labarin yanayi, FAAN ke da filayen, NCAA kuma ita ce alƙaliyar kowa. Mutane na yawan cakuɗa su, shi yasa in abu ya faru ake zagin wanda ba shi da hannu.

Masu ba jirgi hannu, wato kwantirola, hawa uku ne. Na cikin hasumiya shi ke da titin sauka da tashi da abin da ke kewayen filin, na biyu shi ke jera jirage layi in sun doso gari, na uku yana cibiya yana kula da waɗanda suka yi nisa a sama. Jirgin da ya tashi daga Kaduna zuwa Legas hannu hannu ake miƙa shi har ya sauka. Da yawansu nan kusa da mu suka koyi aikin, a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964.

Babban aikinsu shi ne tazara. A can sama ana raba jirgi da jirgi da ƙafa 1,000 a tsaye, in kuma a tsayi ɗaya suke kuma rada na ganinsu, galibi mil 5 na teku ake bari, wajen kilomita 9 kenan, wanda jirgin da ke gudun kilomita 800 a awa zai cinye cikin ƙasa da minti ɗaya. Inda rada bata gani tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba, shi yasa aikin rada na ƙasa baki ɗaya da ake kira TRACON, wanda aka ƙaddamar a 2010, yake da muhimmanci, dan yanda kwantirola ke gani haka yake iya matso da jirage kusa da juna ba tare da fargaba ba.

Daga nan maganar da ta fi komai ta fito: kowane yanki na sama da kowane titin jirgi yana da iyakar jiragen da zai iya ɗauka a awa. Mutum ɗaya ne ke magana da su a rediyo ɗaya bayan ɗaya, titin kuma jirgi ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Sarrafa kwararar jirage ba komai bane illa a daidaita yawan masu son wucewa da abin da hanyar za ta iya ɗauka a wannan lokacin.

Abin da hadari ke yi wa hanyar

Bahaushe ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi yasa magina na da basu cika fuskantar da ƙofa gabas ba. Masana yanayi ma haka suka tabbatar, hadarin Afirka ta Yamma yakan jeru layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita yana tafiya daga gabas zuwa yamma, da gudun da kan kai kilomita 50 a awa, kuma ya fi zafi a farkon damina da ƙarshenta, wato wajen Afrilu da Mayu sai kuma Satumba da Oktoba. Tsaunukan Jos na cikin wuraren da yake yawan haɗuwa da rana, kafin yamma ko dare ya gangaro ta kanmu ko ta Abuja. Kowa a garin nan ya san yanda yake zuwa, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak na ɗan lokaci, sai wata iska mai sanyi da jar ƙura ta taso tana kaɗa kwanon rufi, masu shanya su yi ta gudun kwashe kaya.

To wancan baƙin gajimaren da muke gani daga ƙasa, a ƙasashe masu zafi irin namu kansa yakan wuce ƙafa 50,000, jiragen fasinja kuma yawanci tsakanin 30,000 da 41,000 suke tafiya, kaga ba zancen a bi ta samansa. Cikinsa kuma iska ce mai hawa da mai sauka da ƙarfin gaske, ga ƙanƙara ga tsawa. Shawarar da ake koya wa matuƙa ita ce a ba hadari mai ƙarfi tazarar mil 20 na teku, kusan kilomita 37. Jirgi yana da radarsa a hanci da ke nuna masa ruwa da launi, kore da rawaya da ja, in matuƙi yaga ja a gabansa sai ya kira kwantirola ya nemi izinin kaucewa hagu ko dama.

Jirgi ɗaya ya kauce ba matsala. Matsalar ita ce duk jiragen da ke wannan hanyar ja ɗaya suke gani, kuma rata ɗaya ce a jikin layin hadarin, kowa ita yake so. Hanyoyi uku ko huɗu da ke rabe sun koma ƙofa ɗaya, kuma ƙofar tafiya take, inda take yanzu ba nan za ta kasance ba bayan minti goma. Kamar ranar da ruwa ya cinye hannu ɗaya na titi ne, motocin Kawo da na Mando da masu shigowa daga Zariya duk suka matsu a layi guda, sai dai su motoci suna iya taka birki su tsaya, jirgi kuwa ba ya tsayawa. Kwantirolan da ke riƙe jirage goma sha biyu cikin kwanciyar hankali a ranar lafiya, ranar hadari rabinsu ma sun ishe shi, dan kowanne yana neman sauyi, kowane sauyi kuma sai an duba shi da na sauran an sanar da maƙwabcin yanki.

A ƙasa ma haka. Mu ɗauki misali kawai dan lissafi: titin da ke karɓar jirgi duk minti uku yana ɗaukar 20 a awa. Ruwa ya sauko, titi ya jiƙe birki baya kamawa da wuri, gani ya ragu, aka mayar da tazarar minti shida, ya koma 10 a awa. In jirage 18 aka tsara za su sauka a wannan awar, 8 basu da wuri, kuma awa ta gaba tana zuwa da nata. In iska ta juya aka sauya kan titin da ake sauka, sai an sake jera layin daga farko. In walƙiya na kusa kuma, ana dakatar da zuba mai da lodin kaya dan kare ma'aikatan da ke fili, sai jirgin da ya sauka ya rasa inda zai tsaya saboda na gabansa bai tashi ba. Abuja titi ɗaya gare ta, Legas biyu, kuma kusan duk tafiyar ƙasar nan ta ɗayansu take bi.

Hazo lissafinsa daban

Hadari yana zuwa da ƙarfi amma awa ɗaya ko biyu ya wuce. Hazo kuwa zama yake. Ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke kwaso ta, kuma in ta sauka takan yi kwana biyu, uku, wani lokacin fiye. Hazo baya jijjiga jirgi, abin da yake hanawa shi ne ganin titi.

Anan na'urar ILS ke shigowa, wadda ke aika sigina daga bakin titi tana jan jirgi a kan layi da gangara daidai. Hawa hawa ce. Mataki na ɗaya yana kawo jirgi har ƙafa 200 daga ƙasa, kuma ana son gani ya kai wajen mita 800, ko 550 in akwai na'urar auna gani a titin. Mataki na biyu ƙafa 100 da mita 300. Na uku ƙasa da haka. In matuƙi ya kai wannan tsayin bai ga titi ko fitilunsa ba, doka ce ya ƙara wuta ya sake hawa. Abin da mutane basu cika sani ba, sayen na'urar kaɗai bai isa ba, sai an gwada ta da jirgin gwaji lokaci lokaci, sai fitilun titi sun cika, sai lantarki wanda baya ɗaukewa, shi ma jirgin sai yana da kayan, matuƙan kuma sai suna da horon da takardar wannan matakin. Ɗaya ya ɓace, an koma matakin ƙasa. Haka aka gani a Fabrairun 2020, lokacin da hazo ya rufe Legas ana cikin batun gwajin sabuwar na'urar, manyan jiragen ƙasashen waje suka riƙa sauka Akara ta ƙasar Gana, fasinjoji suka yi kwanaki a can.

Inda ake ajiye jiran

In jirage sun fi ƙarfin hanya dole wani ya jira, abin da ya rage shi ne a ina. Akwai shawagi, inda ake tura jirgi wata mahaɗa ya riƙa zagaye, kowane zagaye kamar minti huɗu, a jera su bene bene da ƙafa 1,000 tsakani, ana zare na ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Akwai rage gudu tun daga nesa, akwai sauya hanya gaba ɗaya a kewaye hadarin. Duk waɗannan mai suke ci. Jirgi yana ɗaukar man tafiya, da ɗan ƙari, da wanda zai kai shi filin madadi, da na ƙarshe na minti 30 wanda ba a so a taɓa shi sam. Dan haka kowane matuƙi da ke shawagi yana da lokacin da ya rubuta, in ya cika ba a ba shi titi ba zai juya, kuma in biyar suka juya lokaci ɗaya zuwa ƙaramin fili, sai matsalar ta tashi daga can ta koma can.

Karkatar da jirgi ma ba abin wasa bane. Tsofaffi a arewa basu manta 22 ga Janairun 1973 ba, jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zai sauka Legas aka karkato shi Kano saboda yanayin Legas, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Shi yasa masu wannan aikin a ko'ina suka tsaya kan abu ɗaya: gara jirgi ya jira a ƙasa da injinsa a kashe da ya jira a sama yana ƙona mai. Wannan shi ne amsar dattijon nan. In hadari ya zauna kan Legas ko kan hanyar zuwa, ba a barin jirage su taso daga Kaduna da Kano da Yola su je su taru a kanta, sai hasumiya ta riƙe izinin kunna inji har a samu wuri. Ko kuma jirgin da zai ɗauke ku shi ne ya maƙale a can.

A Turai, inda jirage kan wuce 30,000 a rana lokacin zafi, akwai cibiya guda ta Eurocontrol a Burasels da ke ganin takardun tafiyar kowa, in wani yanki ya ce yau ba zai iya ɗaukar abin da ya saba ba sai kwamfuta ta raba wa kowane jirgi lokacin tashinsa, wanda ma'aikata ke kira silot, kuma an yarda ya tashi ne daga minti biyar kafin lokacin zuwa minti goma bayansa, in ya wuce sai ya nemi sabo. Amurka ma tana da irinta a jihar Bajiniya, kuma kamfanoni na zama a tattauna da su, har kamfani na iya musanya silot tsakanin jiragensa ya fifita wanda ya fi matsuwa. A Afirka ta Kudu akwai irin wannan sashen a Johanasbag. Duk da haka babu wanda yafi ƙarfin yanayi, a Afrilun 2024 ruwan da aka yi a Dubai ya sa an soke jirage sama da dubu, 'yan kasuwarmu da ke bin hanyar sun san labarin. Abin da tsarin ke yi shi ne ya sa a san jiran tun da wuri, a raba shi bisa ƙa'idar da kowa ya sani.

Wa ke da ta cewa, matuƙi ko hasumiya

A dokar jirage ta duniya kyaftin shi ke da magana ta ƙarshe kan lafiyar jirginsa. Kwantirola yana ba shi labarin iska da gani, yana ba shi izinin amfani da titi, amma izinin tashi ba yana nufin an ce masa yanayi lafiya lau bane. Wannan bambancin ya fito fili ranar 29 ga Oktoban 2006 a Abuja, lokacin da jirgin kamfanin ADC mai zuwa Sakkwato ya tashi hadari na tasowa, ya faɗi jim kaɗan bayan barin titi, mutum 96 suka rasu cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Binciken ya nuna an sanar da matuƙan yanda iska ke ƙaruwa, wani jirgin ma ya zaɓi ya jira, kuma abin da ya kayar da su shi ne juyin iska na bazata. Kafin nan a 10 ga Disamban 2005 jirgin kamfanin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal yana ƙoƙarin sauka cikin hadari, mutum 108, da yawansu ɗaliban sakandare masu komawa gida hutu.

Juyin iskar nan yana da kyau a gane shi. Iska ce ke zubowa daga cikin hadari ta daki ƙasa ta watsu ko'ina, kamar ka juye bokitin ruwa a siminti. Jirgin da ya shige ta da farko iska na bugunsa ta gaba, sai yaji kamar ya samu ƙarfi, cikin daƙiƙu sai ta danna shi ƙasa, sannan ta koma ta bayansa gudunsa ya zube, shi kuma yana dab da ƙasa babu sararin gyarawa.

Tun daga lokacin ake muhawara. Wasu na ganin a ba hasumiya cikakken iko ta rufe fili da zarar hadari ya kai wani mizani, dan matuƙi mutum ne, yana da matsin kamfani da na manyan fasinjoji da na agogo. Wasu kuma na cewa kwantirola baya cikin jirgin, bai san nauyinsa ko mansa ko abin da radarsa ke nunawa ba, in aka ɗora masa hukuncin zai riƙa rufewa kan abin da bai kai ba dan kare kansa. Abin da ake bi yanzu tsaka-tsaki ne, sanarwar NCAA ta yarda kwantirola ya rufe sararin fili na ɗan lokaci in an ga ko an yi hasashen hadari mai tsanani, a wajen haka kuma hukuncin na kyaftin ne bisa ƙa'idojin kamfaninsa. Shi yasa zaka ga jirgin wani kamfani ya tashi na wani ya ƙi, a fili ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ba lallai ɗayansu ya yi laifi ba.

Yanayi ne kaɗai, ko ana fakewa da shi

Fasinjoji na zargin kamfanoni sun mayar da kalmar yanayi bargon rufa. Kamfanoni, ta bakin ƙungiyarsu AON, sun daɗe suna cewa yawancin jinkirin ba daga su bane, suna kawo filayen da ke rufewa da faɗuwar rana saboda rashin fitilu ko ma'aikatan dare, da na'urorin sauka, da rufe sama in babban mutum zai wuce, da tsuntsaye masu shiga inji. Kwantirololi nasu kukan shi ne ƙarancin ma'aikata da tsufan kayan aiki. NCAA kuma takan ce wasu kamfanonin suna tsara tafiye-tafiyen da suka fi ƙarfin jiragen da suke da su.

In aka duba da kyau kowanne yana da ƙamshin gaskiya, kuma abubuwan haɗuwa suke. Jirgi ɗaya a ƙasar nan yakan yi sawu biyar ko shida a rana. Hadarin awa ɗaya ya riƙe shi a Legas da safe, jinkirin ya bi shi duk inda ya je, kafin yamma ya zama awa uku, filin da zai je na ƙarshe ya rufe da magariba, ko kuma awannin aikin matuƙan sun cika doka ta hana su ci gaba, shikenan an soke. Asalin abin yanayi ne, ba ƙarya aka yi ba, amma abin da ya mayar da awa ɗaya ta zama kwana shi ne rashin jirgin ko-ta-kwana da rashin fitila. Hadari ba mai hana shi, wannan ɓangaren na biyu kuwa aikin mutane ne kuma yana gyaruwa. Inda kamfanoni suka fi gazawa shi ne bayani, kalma ɗaya ake jefo wa mutane a lasifika a ɓace, alhali da za a ce jirginku yana Legas, ana sa ran zai taso ƙarfe kaza, rabin rigimar ɗakin jira da bata tashi ba.

Yanda abin ke taɓa mutumin Kaduna

Kaduna ta taɓa ɗanɗana cunkoson sama na gaske. Daga 8 ga Maris na 2017 aka rufe filin Abuja na sati shida dan gyaran titinsa, aka dawo da jiragen nan, har jirgin Habasha ya riƙa sauka, ana kwasar fasinjoji a bas da jirgin ƙasa zuwa Abuja. Wannan ya nuna matsayin filin, yana cikin filaye mafi kusa da Abuja da za su iya ɗaukar manyan jirage, dan haka lafiyar fitilunsa da na'urorinsa ba maganar 'yan Kaduna kaɗai bace. Sai dai kusancin yana da nasa, layin hadari ɗaya na iya rufe Abuja da Kaduna kusan lokaci guda, shi yasa matuƙi kan zaɓi Kano ko ya koma inda ya fito.

A ranakun yau da kullum kuwa jiragen da ke zuwa Kaduna kaɗan ne, wanda aka soke nasa a Legas ko Abuja yana iya samun wani bayan awa biyu, mu nan sau da yawa sai gobe, ko mutum ya kama hanyar Abuja a mota ko ya garzaya Rigasa neman tikitin jirgin ƙasa, ya sake sayen wani tikitin da tsada. Waɗanda abin ya fi ci su ne mai ganin likita, mai ranar biza, da mai haɗa jirgi zuwa Umara ko Dubai da tikiti daban daban, dan jirgin waje ba ruwansa da abin da ya riƙe ka. Alhazai ma a sansanin Mando in aikin Hajji ya faɗo cikin damina, jirgi ɗaya ya makara sai jadawalin sawu da yawa ya goce, tunda saukar Jidda da Madina ma da silot ake yinta.

Dokar kare fasinja ta NCAA, kashi na 19, ta tanadi cewa a tafiyar cikin gida in jinkiri ya kai awa biyu a ba mutum abin sha da ɗan abin taɓawa da damar kiran waya, in ya wuce awa uku yana da ikon karɓar kuɗin tikitinsa in ya fasa, in kuma ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba a nema masa masauki da motar kai shi. Abin da yanayi ke ɗauke wa kamfani shi ne biyan diyya ta ƙari, amma in an soke tafiya kuɗin tikiti ko sauya rana yana nan. NCAA tana da jami'an karɓar koke a filaye, kuma yana da kyau mutum ya riƙe katin shigarsa ya rubuta lokacin da aka yi kowace sanarwa.

Wajen zaɓen lokaci, a damina jirgin safe ya fi tabbas, dan hadari ya fi haɗuwa bayan rana ta gasa ƙasa, kuma da safe jinkirin wasu garuruwa bai taru a kan jirgin ba tukunna. A hunturu wannan dabarar bata cika aiki ba tunda hazon wuni yake, abin dubawa shi ne hasashen NiMet na kwana uku, in sun ce ƙura ta taso daga Chadi ko Nijar, mai tafiyar da ba ta ɗaguwa ya bar kwana ɗaya a tsakani, kuma ya duba yanayin garin da jirgin zai fito ba na Kaduna kaɗai ba.